Irin Kaja a Cikin Huhun Goro

Tun da na dawo daga Kumasi ba a bar ni na huta ba. In na je suna a tambaye ni, in na je gaisuwar rasuwa a ja ni gefe, har a layin famfo sai wata ta dafa ni ta ce, Hajiya Rabi, wai da gaske ne kun samo maganin barci a ƙasar Tonawa? Na gaji da maimaitawa. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa 'yar uwarta. Abin da Yaya Alhaji yake ta bazawa a majalisa kuwa, ku saurare shi don girman furfurarsa, amma kada ku kai shi gida.

Yaya Alhaji wan maigidana ne. Shi da Malam, wato maigidan nawa, 'ya'yan goro ne jikokin goro, a unguwar Zango ta Wagadugu aka yanke musu cibiya. Kun san abin da ya same mu. Hukuma ta ce tsakiyar Wagadugu ta fi ƙarfin gidajen laka, aka kawo katafila, aka ba mu parsel, wato filin gini, a can bayan gari inda ko inuwar kirki babu. Zauren da kakansu ya gina, inda ake sauke huhunan goro tun kafin a haife ni, ya zama fili kafin a yi sallar azahar. Mutane sun yi kuka sun share hawaye sun ci gaba da neman abinci. Malam bai yi kuka ba. Ya zauna kan tabarma a sabon ɗaki, ya bar kasuwa, ya bar faɗa, mutumin da in yaro ya ɗaure huhu a karkace sai unguwa ta ji muryarsa. Barci ya ƙaurace masa. Da safe in tarar da shi yadda na bar shi, ido biyu, yana kallon bulo. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji kada ya mutu a hannuna, ko hankalinsa ya riga shi tafiya.

Masu zuwa dubiya kuwa, Allah ya saka musu, kowa ya zo da goro. Mutum ba ya barci, ana ta loda masa abin da direbobi suke ci don kada su yi gyangyaɗi, shi kuma yana taunawa don kunyar wanda ya kawo. Ɗiyata Safiya, wadda take aiki a farmasi, wato kantin magani, ta ce a rage goron nan. Yaya Alhaji ya ce ubansu ya ci goro har haƙoransa suka ƙare, kuma bai taɓa jin ya kwana a zaune ba. Ta ce a kai Baba wajen likita, Malam ya girgiza kai, wai shi ba mahaukaci ba ne.

Safiya ce ta jawo tafiyar ba da niyya ba. Wata rana na tsare ta na ce ta gaya mini, da duk bokon da muka biya mata, me yake sa mutum barci. Ta ce akwai wani sinadari da masana suke kira tiriftamin, ɗan kaɗan ne a jikin mutum, amma kakan gida ne mai zuriya. Cikin danginsa akwai wanda yake taimakon kwanciyar rai, mafi yawansa ma wai a hanji yake zama yana motsa shi. Daga wannan jiki yake yin wani wanda yake sanar da mutum lokacin barci ya yi. Akwai na cikin wasu naman kaza da fatar wani kwaɗo, waɗanda in mutum ya sha sai ya riƙa ganin abin da babu. Masu haɗa magani kuma sun kwaikwayi ginin gidan sun yi maganin ciwon ɓarin kai. Na ce ashe dai gidan Zango ne, uba ɗaya, wannan liman, wancan yana kwana a mashayar unguwar Dapoya. Ta yi dariya, sai ta ƙara da cewa akwai wani iri a dazukan Gana da ake kira kaja, a cikinsa akwai wani ɗan uwan gidan da jiki yake juyawa ya zama mai kwantar da rai, Nasara suna saya buhu-buhu suna tacewa suna dura shi a kwalba. Ta ce ba ta tabbatar yana aiki ga kowa ba, kuma ita dai likita take so a gani.

Yaya Alhaji yana bakin ƙofa. Duk bayanin nan kalma biyu kawai suka shiga kunnensa, iri da Gana. Ya ce abin da yake fita a ƙasar goro ba Nasara ne zai sayar wa ɗan Zango shi a kwalba ba, shi zai je ya ɗauko daga tushe. Ni kuwa na san in aka bar shi shi kaɗai zai iya dawowa da buhun tsakuwa yana rantsuwa. Kuma gaskiya wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na bar Safiya da mahaifinta, na ɗaura ɗamara na bi shi.

Rabonsa da hanyar Kumasi tun ƙasar nan tana amsa tsohon sunanta. Wannan bai hana shi zama kusa da direban kar, wato babbar bas ɗin fasinja, yana nuna masa hanya ba. A Kombisiri ya ce a da nan ake ya da zango a ba jakuna ruwa. A Po ya ce direba ya yi kwana da wuri. Direban Bamoshe ne mai haƙuri, ya yi ta cewa to Baba, to Baba, har ya gaji ya ƙara wa rediyo murya. Ni ina baya tsakanin wata mai kwandon zabi da wani soja mai minshari, ina shan zom-kom, ruwan garin geron nan da na ƙullo, ina kallon yadda barci yake arha ga wanda bai roƙa ba.

A kan iyaka Yaya ya yi abin da ubansa yake yi. Ya zaro farin goro babba daga aljihu, ya miƙa wa ma'aikacin da yake duba takardu da hannu biyu. Yaron bai kai sa'ar Safiya ba, yana taunar cingam. Ya dubi goron ya ce ya gode, shi ba ya ci, yana ɓata haƙori. Da mari ya yi wa Yaya da ya fi masa sauƙi. Muka tsallaka yana ta mita cewa duniya ta zo ƙarshe, tunda an ɗora wanda bai san darajar goro ba a kan ƙofar ƙasar goro.

Ba mu yi nisa ba muka tsaya a Paga, inda suke da tafkin kadoji. Jama'a, na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Mutane da hankalinsu suna sayen ɗan tsako a jefa wa kada, sannan su tsuguna a bayansa su riƙe jela a ɗauke su hoto. Wai kadojin 'yan uwansu ne, ba sa cin ɗan gari. Na ce to mu ai ba 'yan gari ba ne. Yaya da ya gama zagin mutanen zamani, sai ga shi ya tattare babbar riga zai gwada, don a san ya je. Yana sunkuyawa kadan ya ɗan motsa ƙafa ɗaya, ƙafa ɗaya tak, irin motsin mai gyara kwanciya. Ban san tsohon nan yana da gudu ba sai ranar. Takalminsa na hagu yana can har yau, ya shiga Bolga da silifa na roba ruwan hoda da na ara masa.

A motocin Gana kuwa ba a barin fasinja da tunaninsa. Daga Tamale wani mai wa'azin coci ya miƙe ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Yana zama wani mai jaka ya tashi da kwalba guda, wai tana maganin basir, ciwon baya, rashin haihuwa, mantuwa da mugun mafarki. Mutane suna ta miƙa hannu. Na taɓe baki na ce wa ta kusa da ni, dubi yadda ake shan wawaye. Ta tambaye ni ina za ni, na buɗe baki zan ce neman irin da zai sa mijina barci, sai na ce mata ziyara. Na bar mai kwalba da cinikinsa har Kintampo.

A Zangon Kumasi muka sauka gidan Hajiya Memuna, ɗiyar fatoman da mahaifinsu Yaya yake sauka wajensa a da. Mace ce ƙatuwa mai fara'a, ta rungume ni kamar tare muka tashi. Hausarsu dai sai haƙuri, ba ta san mace ba ba ta san namiji ba, ni da gyalena ana ce mini ya zo, ya gaji. Ta kawo mana dokunu, wani tuwon masara da aka bari ya yi tsami da gangan aka naɗe a ɓawo. A gidanmu in tuwo ya yi haka kaji ake zuba wa. Washegari sakwara, aka ce ba a taunawa, haɗiya ake yi, na ce to me Allah ya ba mu haƙora don shi? Wake da shinkafarsu kam na yaba, wanda suke zubawa a ganye da wani baƙin yaji, shi na riƙe har na bar garin. Ɗakin da aka ba ni yana da sauro masu ƙiba, ga zufa a tsakiyar lokacin sanyi, bango yana gumi kamar mutum.

Ranar Asabar na ji kiɗa da lasifika, na leƙa na ga rumfuna, mutane cikin baƙi da ja suna rawa, ana raba lemo da giya. Na tambayi Memuna ɗiyar wa ake aurarwa. Ta ce jana'iza ce, kuma mamacin ya daɗe a firjin asibiti ana jiran 'ya'yansa su dawo daga Turai a yi wa gida fenti. Mu kuwa gaggawar kai mutum makwancinsa muke yi kafin rana ta juya. Amma na lura da abu guda. Su sun fito fili sun yi kukansu da tsallensu, gobe kowa ya koma kasuwa. Na tuna mutumin da na baro a kan tabarma, wanda aka rushe wa gida bai ce ko uffan ba, sai kallon ya fita raina.

Memuna ce ta raka mu wani ƙauye a bayan Kumasi, cikin gonakin koko, wajen wata Batona, 'yar asalin ƙasar, mai suna Mame Akosuwa wadda take tara kaja tana sayar wa masu fitarwa waje. Ni da na zo da tunanin zan ga wata bishiya mai kwarjini da ake tsaro da bindiga, sai aka nuna mini wani tsiro mai yaɗo a gefen hanya, akuya tana miƙe tana cin ganyensa. 'Ya'yan a cikin kwanso suke, kumburarre, in ya bushe sai ya fashe ya watsar da su. Su kansu faffaɗa ne, masu duhu, kamar maɓallin kwat. An shanya su a tsakar gida kusa da koko, kaji suna bi ta kai.

Na ce Memuna ta tambaye ta yadda suke sha don barci. Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce su ba sa sha. Itacen suna asuwaki da shi, ganyen a ba dabbobi ko a zuba a akurki don ƙwarƙwatar kaji, irin kuwa na Turawa ne, su suka san abin da yake hana su barci. Ta ce ita in ta yini tana tsintar kaja, kafin ta kai tabarma barci ya riga ta.

Nan Yaya ya shiga ciniki. Ya ɗebi busasshen ya murza, ya ciza, ya watsar. Ya ce wannan matacce ne, Nasara kawai za a cuta da shi. Duk wanda ya san goro ya san in ya bushe ya tashi daga aiki, ƙarfin iri yana cikin ɗanyensa. Ya sa aka shiga daji aka tsinko masa wanda bai gama bushewa ba, aka ɓare a gabansa. Akosuwa ta ce, ta bakin Memuna, a shanya shi a rana har ya yi ƙara in an girgiza, in ba haka ba zai lalace. Na ce Yaya, matar nan sana'arta ce. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Rabi, kakana ya kai goro daga Gwanja har Kano a kan jaki bai yi asarar ƙwarya ɗaya ba. Ba ke mai sayar da atamfa ce za ki koya mini ajiye iri ba."

Na ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Don ya nuna mana ya san abin da yake yi, ya jefa guda biyu a baki ya tauna kamar goro, yana yamutsa fuska yana cewa da ɗaci ake gane na kirki. Kafin mu kai bakin kwalta cikinsa ya fara ƙugi. Motar da muka shiga ta tsaya masa a gindin ayaba, ta tsaya a gindin koko, ta tsaya a bayan wata makaranta, yana fita da buta yana dawowa yana zufa, ga tashin zuciya. Sai na tuna Safiya ta ce mafi yawan sinadarin nan a hanji yake aiki. Barci dai bai zo masa ba, amma hanjinsa ya karɓi saƙo. Na so in yi dariya, amma wani tunani ya zo mini. In guda biyu sun yi wa ƙato haka, nawa zan ba mutumin da ya zama ƙashi da fata? Wa zai auna mini? Su masu kwalba injuna gare su da ma'auni, ni kuwa turmi gare ni. A wannan motar na gane cewa ko irin ya isa gida lafiya ba zan iya sa shi a bakin Malam ba, na juya fuska wajen taga na yi hawayena ba wanda ya gani.

Yaya bai san ina yi ba. Da ya farfaɗo ya tafi kasuwar goro ya sayo kwando da ganyen fita, faffaɗan ganyen nan da ake naɗe goro da shi don kada ya sha iska. Ya jera ganye, ya zuba kaja, ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya ɗaure da igiya, ya yi huhu sosai irin na fatake. Memuna ta dube ni na dube ta.

Da za mu dawo ya ce ba zai ba kar kuɗin kaya ba alhali ga motar goro ta wani ɗan abokinsa za ta Wagadugu. Muka hau gaba kusa da direba. Bayan Kintampo motar ta yi tari ta mutu, aka tura yaron mota Tamale neman ƙarfe, muka yi kwanaki a wani ƙauye na bakin hanya muna cin soyayyar doya har na tsane ta. Kowace safiya Yaya ya sauke huhunsa a inuwa ya yayyafa masa ruwa da bismilla, kamar mai shayar da jariri. Na ce a buɗe a duba. Ya ce iska ce maƙiyiyar huhu. Da muka iso kan iyaka wari ya fara fita, wani irin wari mai zaƙi-zaƙi na ruɓa. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya matso zai sa a kwance, ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya ya yi mana hannu mu wuce. Yaya ya ce kun gani, kwarjinin magani ke nan.

Mun iso gida bayan azahar. Safiya ta tarye mu a ƙofa, na dubi fuskarta na san ba abin da ya canza. Malam yana inda na bar shi, sai dai ya ƙara ƙanƙancewa, ga faranti cike da goron masu dubiya a gefensa. Na gaishe shi ya ɗaga ido kawai. Yaya ya sa aka shigo da huhun har gabansa, maƙwabta suka taru a bakin ƙofa, ya zaro wuƙa ya yanke igiya yana cewa yau ƙanena zai yi barci.

Abin da muka gani ba ya faɗuwa. Rabin irin ya yi furfurar fumfuna, fari da baƙi, ya dunƙule kamar daddawar da ta lalace. Sauran ya tsira, fararen saiwoyi sun fito sun sarƙe juna. Safiya ta toshe hanci da gyale. Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zauna a ƙasa, na ce a raina shi ke nan, na bar mutum yana mutuwa na tafi yawon kallon kada.

Sai na ji murya, a shaƙe, wadda na yi watanni ban ji ba.

"Wa ya ɗaura wannan huhun?"

Malam ne. Ba irin yake kallo ba, ganyen yake kallo. Yaya ya ce shi ne, da hannunsa.

"Haka Baba ya koya maka? Ka kifa ganye, ka bar gindi ba shimfiɗa, ka jiƙa shi kamar wanki? Yaya, da goro ne ka yi wa haka da Baba ya kore ka daga zaure."

Ya jawo kwandon. Ya kife ruɓaɓɓen irin a ƙasa kamar shara, ko kallo bai ƙara yi masa ba, ya shiga zare ganyen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ruɓe ya jefar, mai kyau ya goge da gefen rigarsa ya shimfiɗa ya daddanna da tafin hannu. Yana yi yana faɗa, ya tono wa Yaya wani huhu da ya ɓata tun suna samari, Yaya yana borin kunya yana cewa ai laifin mota ne. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Safiya ta kwashe irin ta kai bola, ta share wajen, ɗakin ya koma ƙamshin ɗanyen fita, wanda duk wanda ya tashi a gidan goro ya san shi.

Da ya gama jerawa ya ɗauki ganye ɗaya ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na kori kowa na ja labule. Ya yi kukan da bai yi ba ranar katafila, ni ma na taya shi. Kafin a kira la'asar ya kishingiɗa, kuncinsa a kan ganyen, numfashinsa ya sauka. Na zauna a bakin ƙofa na hana ko kaza wucewa. Maƙwabcinmu ya zo zai tashe shi salla, na ce ya rama in ya farka, alhakin a wuyana. Bai motsa ba sai hantsin washegari. Da ya buɗe ido ya dubi rufin kwano, ya dube ni, ya ce, "Na ɗauka a zauren Baba nake." Na miƙa masa ruwan alwala.

Kada wata ta je ta ce na ce ganye yana warkar da ciwon rai. Bai warke a ranar ba, har yanzu akwai kwanakin da yake komawa shiru. Amma bayan wannan barcin ya yarda Safiya ta kai shi wajen likita, yana shan abin da aka rubuta masa, goro kuma an hana shi daga azahar. Safiya ta ja mini kunne cewa ko wani ya kawo kaja na kwalba kada a haɗa masa da maganin likita, haɗin yana iya yin illa babba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni da kaja sai a lahira. Yaya Alhaji kuwa yana can yana gaya wa majalisa cewa tururin maganinsa ne ya yi aiki tun kafin a sha, har wasu suna roƙonsa ya koma ya kawo musu. Takalminsa ma ya ce kyauta ya ba wani mabuƙaci a Paga.

Ganyen da muka kawo bai daɗe ba ya bushe, ƙamshin ya tafi, Malam ya fara juye-juye. Sai na tuna inda ake zubar da irinsa. Can cikin gari, wajen masu sayar da goro, ba nisa da filin da gidanmu yake a da, in an kwance huhu sai a watsar da ganyen a bayan rumfa, tsibi guda, awaki suna ci. Yana nan tun kafin in tafi, na wuce shi da kar ranar da za mu Kumasi. Yanzu duk Juma'a nakan hau mota in je, in bi ta gefen filin ba na waiwaye, in tsuguna ni da awaki ina zaɓen masu ɗanye. Wasunku sun gan ni sun kau da kai, sun ɗauka talauci ne ya kai Hajiya Rabi tsintar bola. To yau kun ji.

In na kawo sai ya karɓa, ya goge, ya jera a ƙarƙashin matashinsa, yana mitar cewa 'yan goron yanzu ba su iya zaɓen ganye ba. Kuma kullum sai ya tambaye ni daga ina na samo. Nakan ce masa daga Zango.